Ƙofar Kicin da Baba Bai Gyara Ba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka da wannan hanya taku da ba ta ƙarewa. Mu nan lafiya lau, maigidana da yara suna gaishe ka. Na nemi wayarka har na gaji, kullum sai a ce ba a samun ka. Shi ya sa na je na sami direban kamfaninku mai kai muku kaya, ya ce zai riƙa ɗaukar mana wasiƙa duk zuwa. To ga ni na koma 'yar makaranta, biro a hannu, takarda a kan cinya.

An yi wa Baba aikin, kuma an dace, alhamdu lillahi. Likita ya ce sun cire ƙarin nan da ke cikin kansa gaba ɗaya, kuma ba mugun iri ba ne. Yanzu yana ɗakin maza a bene, gadon da ke jikin taga. An aske rabin kansa na hagu an naɗe da bandeji. Ya buɗe ido, yana gane mu. Sai dai hannun dama da ƙafar dama sun yi nauyi, magana kuma ɗaiɗai take fitowa, kamar ana jawo ta daga rijiya. Baba fa, da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin, wata doguwa mai tabarau, ta tara mu a baranda ta ja mana kunne. Ban da hayaniya, ban da ɓata masa rai, ban da duk abin da zai tayar masa da hankali. Tana faɗa tana kallon Inna, sai ka ce wani ya ba ta labarin gidanmu. Inna ta ce, "To, 'yar nan, an ji." Ni kuwa na ce a raina, ma gani. Mu da muka tashi da muryarsu a kunne, ita tana cewa a rufe taga, shi yana cewa a buɗe. Ita tana cewa kafintan gari guda amma da igiya ake ɗaure ƙofar kicin ɗinsa, shi yana cewa ƙofa lafiyarta lau, ita ce ba ta iya rufewa ba.

Inna ce ke wuni da shi, ni kuma ina zuwa in na tashi daga makaranta. Kada ka baro aikinka ka taho, ba abin da za ka yi a nan sai tsare mutane da tambaya. Ka dai yi addu'a.

Yayarki, a'a, yayarka. Ka ga gajiya.

*

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Inna, a shafa mini kan yara. Ni lafiyata lau, sai ƙaiƙayin sauro da kewar gida. Wasiƙarki ta same ni ina kan motar haƙa, na kashe inji na karanta ta a nan sama, har shugabanmu ya ɗaga mini hannu yana tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya ce ta kawo haka. Allah mun gode maka.

Tun da kin riga kin yi mini shaidar tambaya, bari in cika ta. Da me suka buɗe kan? Zarto ne irin na Baba, ko akwai nasu daban? Ƙashin da suka yanke, sun mayar da shi ko sun ajiye? In sun mayar, da me suka kama shi, ƙusa ko gam? Don na san in Baba ya warke, abin da zai fara tambaya ke nan, kuma zai ce aikin bai yi kyau ba.

Sannan wannan magana da ke fitowa ɗaiɗai ta hana ni sakat. Kalmomin ɓacewa suka yi, ko suna nan hanyar fitowa ce ta toshe? Mu nan in ruwa ya cinye hanya, garin da ke gaba yana nan daram, zuwa ne kawai ba ya yiwuwa sai an gyara. Ki tambayar mini likita ko haka abin yake. Kuma me ya sa aka taɓa hagun kansa amma damansa ce ta yi nauyi? Na tambayi mai ba mu magani a nan sansani, ya ce in bar shi ya ji da masu zazzaɓi.

Ya kira sunanki? Ya tambaye ni? Kada ki yi mini kara, in bai tambaya ba ki ce bai tambaya ba.

Sai babbar tambaya. Inna fa? Na yi dariya ni kaɗai da na karanta gargaɗin nas. Na ba Inna kwana biyu, na uku nas ɗin ma sai ta sha faɗa. Ki rubuto mini yadda aka fara, da wanda ya fara, kada ki rage komai.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta sarkin tambaya,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Inna ta ce ka riƙa shiga gidan sauro, ka daina taurin kai.

Na kai wa likita tambayoyinka, ya karanta yana murmushi, ya ce wannan ƙanin naki a wane asibiti yake aiki. Ya ce ƙashin an mayar, an kama shi da wasu 'yan ƙarafa ƙanana. Ya ce misalinka na hanya bai yi nisa da gaskiya ba, kalmomin suna nan, kuma da yawan gwadawa ne hanyar ke buɗewa. Zancen hagu da dama kuwa, wai haka Allah ya yi mu, kowane ɓangare na kai ɗaya ɓangaren jiki yake juyawa.

Abin mamaki ba ya ƙarewa a gadon nan. In ka ce masa ina kwana, zai ce "lafiya lau" sumul, ba gargada. Amma da ya so kofi, sai ya nuna shi ya ce "guduma". Ya san ba daidai ba ne, ya ɓata fuska. Akwai wata 'yar durowa a gefen gadonsa da ba ta rufuwa sosai, kullum sai ya kai hannun hagu ya shafa bakinta, ya yi tsaki. Sunana ya kira sau ɗaya. Kai kuma da na ce Auta yana gaisuwa, ya ɗaga hannu ya yi kamar yana tuƙi, ka ga bai manta ka ba.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Akwai mai koya masa motsa jiki, yana zuwa da safe da wata ƙwallon roba da sandar dogarawa. Da farko Baba yana yi da ƙwazo, har ya fara zama a bakin gado. Kwanan nan kuwa ya ƙi. In mutumin ya zo sai ya juya fuska bango. Likita ya ce wannan lokacin shi ne na ƙoƙari, in aka bari ya wuce, hannun da ƙafar za su iya sandarewa, harshen ma haka. Mun lallaɓa, mun roƙa, ko kallonmu ba ya yi.

Zancen Inna kuwa, ka faɗi ƙasa warwas. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba. Ita da kanta take buɗe masa taga da safe. Ta ɓare masa lemo, ta gyara masa filo, ba abin da kake ji sai "Sannu, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, Malam." In ta gama sai ta zauna ta haɗa hannu a cinya ta yi shiru, don na lura in ba faɗa ba, ba ta san me za ta ce masa ba. Rannan ma har cewa ta yi, "Malam, ƙofar kicin ɗin nan ashe lafiyarta lau, ni ce ban iya rufewa ba." Na kusa faɗowa daga kujera. Ka ga ciwo ya kawo zaman lafiya gidanmu.

Yayarka

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, in dai lafiyar ce da gaske.

Na karanta wasiƙarki sau ba adadi, kuma ban ga abin dariya a ciki ba. Yaya, me kuke ɓoye mini? Ni ba yaro ba ne. Inna ta buɗe taga da hannunta? Inna ta ce ƙofa lafiyarta lau? Matar da ta taɓa ƙin yi wa Baba magana har aka yi baƙi suka tafi, don kawai ya ce ƙofar ba ta da laifi?

Sau ɗaya tak na taɓa ganin Inna tana yi wa mutum irin wannan lallashi, lokacin jinyar Kaka. Ita ma da faɗa suka saba, amma da likita ya kira Inna gefe ya yi mata magana, sai ta dawo tana "sannu, sannu", tana ɓare lemo. Kin san yadda aka ƙare. Ina ƙarami amma ban manta ba.

Don haka ki gaya mini abin da likita ya faɗa muku a gefe. Ƙarin ya dawo ne? Ko tun farko mugun iri ne kika ce mini ba shi ba? Kin ce kada in taho, yanzu na gane dalili, so kuke sai an gama komai a aiko mini direba. Wallahi in haka ta faru ban ga Baba ba, zai yi wuya in manta miki.

Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Ki ba direba amsa a wannan zuwan, ko layi biyu ne.

Auta

*

Yaya,

Shiru. Ruwan sama ya cinye gadar da motarmu ke bi, direba bai dawo ba, ban sani ba ko wasiƙata ta iso ki. Wannan zan ba wani mai babur da zai zagaya ta tudu. Na hau dutsen bayan sansani da waya a hannu, na ɗaga ta sama kamar mahaukaci, ba ko ɗigon sabis.

Na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya ce sai mai canjina ya iso, shi ma gadar ce ta tsare shi. Ina tuƙi ina lissafin abin da ban faɗa wa Baba ba. Jiya na kusa tura motar cikin rami.

Yana nan dai ko? Wannan kawai nake son ji.

Auta

*

Auta,

Baba yana nan da ransa, yana cin abinci, jiya ma an cire masa zare. Ka ja numfashi tukuna. Mu ma lafiya lau.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon ta ɓata mini rai ƙwarai. Ni ce zan ɓoye maka mutuwar uba? Ina tashi daga aji in wuce asibiti, ƙafafuna har sun kumbura, sakayyata ke nan? Na zauna a bencin baranda na fara rubuta maka amsar da za ta ƙona takarda. Ba wanda ya kira mu gefe. Likita ya sake duba hoton kansa ya ce komai fes.

Ina cikin rubutun sai na ɗaga kai na hango su ta ƙofa. Inna tana miƙa masa lemo tana "sannu, Malam", shi kuma yana kallon ta. Auta, ban taɓa lura da kallon nan ba sai ran nan. Kallon mutumin da ke jiran a faɗa masa mugun labari ne. Sai biro ya tsaya mini. Na ce, kai da kake can bayan duwatsu, layi uku ka karanta ka ce Baba tafiya zai yi. To shi fa, da yake kwance yana ganin abin da idonsa tun safe har yamma? Shi ma yana nan lokacin jinyar Kaka, shi ne ma yake sayo lemon. Na yi ta tunani, sai na tuna ranar da Inna ta ce ƙofa lafiyarta lau, washegarinta ne ya fara juya wa mai motsa jiki baya. Wa zai wahalar da kansa da ƙwallon roba alhali ya ga ana sallamarsa?

Na sami likita na kwashe labarin gidanmu na faɗa masa, ina jin kunya. Ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce gargaɗin nas na kwanakin farko ne, tuni ya wuce, kuma ba wanda ya ce a canza wa mutum matarsa. Ya je da kansa ya ce wa Baba yana samun sauƙi. Baba ya gyaɗa kai irin na "na ji, haka kuke cewa kowa".

Saura Inna. Na ja ta gefe na ce ta koma yadda take. Ta zaro ido ta ce, "Ke, rufa mini asiri. In yi masa tsawa jijiya ta tsinke a ce ni ce? Kan nan fa buɗe shi aka yi." Da ƙyar ta yarda za ta gwada. Ta shiga ta tsaya a kansa, ta gyara murya, ta ce, "Malam, wannan taga... ko a rufe ta? In kuma ba ka so a bar ta." Baba ya lumshe ido ya juya bango. Ban san lokacin da dariya da hawaye suka zo mini tare ba.

Ka ga inda muke. Mun gano ciwon, maganin ya ƙi shawuwa. Kai mai tambaya, yaya ake sa mutum ya yi faɗan gaske da gangan?

Yayarka, wadda har yanzu ba ta gama hucewa ba

*

Yaya,

Na gaishe ki gaisuwar mai laifi. Ki yi haƙuri, tsoro ne ya riƙe biron ba ni ba. Da na ga "yana nan da ransa" sai da na zauna a ƙasa. A gaida Inna, a ce mata ina shiga gidan sauro.

Tambayarki ta fi ƙarfina. Na yi ta juya ta a kan mota. Ki ɓoye mata wani abu? Ki ce Baba ya ce abincinta ba gishiri? Za ta gane, Inna ba ta cin ƙarya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ashe duk shekarun nan da muke toshe kunne muna cewa yaushe za su daina, hira suke yi mu ne ba mu jin yaren? Kuma wai shin Baba ya kasa gyara ƙofar nan ne, mutumin da ya yi wa rabin unguwa ƙofofi?

An fara gyaran gada, mai canjina yana hanya. In na iso zan fara biyawa gida in ɗauki kayan aikin Baba in gyara ƙofar kicin ɗin, ko Inna ta ji sanyi a ranta.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke, kuma wannan karon da ƙarfi nake faɗa. Kafin komai, in ka iso kada ka kuskura ka taɓa ƙofar nan. Ko igiyar kada ka kwance. Karanta ka ji.

Shekaranjiya da la'asar ina zaune ina duba littattafan yara, Inna tana gefen gado, ɗakin cike da masu dubiya. Sai Baba ya yafito ni. Ya yi alamar zarto da hannun hagu, ya yi alamar tuƙi, ya nuna ƙofa. Na gane, wai a ba ka kayan aikinsa. Ashe wasiyya yake yi. Sannan ya kamo hannun Inna, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, gumi ya keto masa, sannan ya ce, "Ki... yafe... mini."

Tsohon da ke gadon kusa ya fara salati a hankali. Ni kam na riga na fara kuka, ina jiran Inna ta ce ta yafe duniya da lahira.

Auta, sai na ga Inna ta fizge hannunta ta miƙe, mayafi ya zame. Ta ce, "Ban yafe ba!"

Wata mata ta ce, "Haba, baiwar Allah!" Inna ko kallon ta ba ta yi ba. Ta ce, "Na ce ban yafe ba! In yafe me? Shekara da shekaru ina ɗaure ƙofa da igiya kamar akuya, kaji su shiga, kuliyoyi su shiga, ka yi wa kowa ƙofa a garin nan ban da ni, yanzu kuma ka kwanta ka ce in yafe ka tafi ka bar ni da ita? Ba inda za ka, Malam kafinta! Likita ya ce ka warke, lalaci ne kawai ya kama ka. An kawo maka ƙwallo ka matsa ka ƙi, sai ka ce ƙaramin yaro. Kuma wannan taga, sanyinta ya ishe ni!" Ta kai hannu ta rufe ta garam.

Nas mai tabarau ta shigo da gudu. Ni kuma idona yana kan Baba. Na ga fuskarsa tana canzawa, girar nan ta hagu ta ɗaga yadda take yi in ya shirya. Ya dafa katifa ya ɗago da kansa, ba wanda ya taimaka masa. Ya nuna Inna da yatsa ya ce, "Ƙofa... lafiyarta lau. Ke ce... ba ki iya... rufewa ba."

Jimla guda cur, Auta. Ba guduma, ba kofi. Tsohon gadon kusa ya ce Allahu akbar, nas ta tsaya baki buɗe, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Inna ta ce, "Ka tashi ka nuna mini yadda ake rufewa mana." Baba ya ce, "Buɗe... taga." Ta ce, "Ka buɗe da kanka."

Jiya da mai motsa jiki ya zo, Baba ne ya miƙa hannu ya karɓi sandar. Da mutum biyu a gefensa, yana jan ƙafa, ya isa tagar ya tura ta da hannun hagu. Yana komawa gado Inna ta rufe. Yau sun yi haka har mai motsa jikin ya ce a bar shi ya huta, shi da aka ɗauka aiki. Hannun dama har yanzu da saura, likita ya ce tafiyar da nisa, kada mu yi gaggawa. Maganar ma tana sarƙewa in ya gaji. Amma ya tambayi da me aka kama ƙashin kansa, da na faɗa masa ya yi tsaki.

Ka tambaya ko ya kasa gyara ƙofar ne. Ni ma na tambaye shi da Inna ta fita alwala. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "In gyara... ta ce me?"

Abu na ƙarshe, kuma ya tsaya tsakaninmu. Ran da abin ya faru, da na fito baranda na tarar da Inna a bayan ƙofa, ta toshe baki da mayafi tana kuka. Na rungume ta na ce, "Inna, mutum ya nemi yafiya a gadon asibiti ki hana shi?" Ta share ido, ta leƙa ta tabbata ba ya jin mu, ta ce, "Ke, tafi can. Na yafe masa tun kafin a haife ki. Amma in kika faɗa masa, ke ce ba zan yafe wa ba."

Ka taho da rigar sanyi, tagar nan ba ta zama a rufe.

Yayarka